Hukuncin Shan Kashasa, Abin Shan Rake Na Ƙasar Brazil

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Sao Paulo. Abokaina suna shan wani abu da suke kira kashasa, sun ce da rake ake yin ta, kuma wai asalin sunan kumfa yake nufi. Ya halatta in sha?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. A gidajen sukari na Brazil zamanin mulkin Fotugal, kashasa suna ne na kumfar da ke tasowa idan ana tafasa ruwan rake, a kwashe ta a zuba wa dabbobi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu dafa mazarƙwaila ya san irinta. Sai dai sunan ya yi ƙaura. Kashasar yau ruwan rake ne da aka bari ya tsimu, aka tace shi ta tururi, kuma dokar Brazil da kanta ta ƙayyade barasar cikinta daga kashi 38 zuwa 48 cikin ɗari. Za ka ji suna ce mata "pinga", daga kalmarsu ta ɗiga, ko "aguardente", wato ruwa mai ƙuna. Wannan na biyun ya fi faɗin gaskiya.

Shari'a ba ta tambayar inda kalma ta samo asali, abin da take yi wa hankali take dubawa. Abu Musal Ash'ari ya tambayi Annabi (SAW) game da abubuwan shan mutanen Yaman, na zuma da na sha'ir, kowanne da sunansa na gida. Annabi bai tsaya kan sunayen ba, ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne. Sayyidina Umar ma ya faɗa a kan mumbari cewa giya ita ce abin da ya rufe hankali. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa wasu daga al'ummar nan za su sha giya suna kiran ta da wani suna.

Don haka kashasa haramun ce, ko kurɓi ɗaya, domin abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ka kula da "caipirinha": lemun tsami da sukari da ƙanƙara kake gani, amma kashasa ce a ciki.

Ruwan rake da ake matsewa a gabanka a kasuwa, wanda suke kira "caldo de cana", halal ne, ka sha abinka muddin bai kwana ya tsimu ba.

Wallahu a'alam.