Tambaya Da Amsa: Lantarki Yana Ratsa Tangaran A Kwaikwayon Kwamfuta

TAMBAYA: Malam, ina kwaikwayon na'urar samar da lantarki daga zafi a manhajar COMSOL. Na'urar tana da ƙafafun (ƙananan sanduna) bismut telurayid jinsin p da n, da haɗin jan ƙarfe, da farantan tangaran na alumina biyu sama da ƙasa. Na saka Electric Insulation (kariyar da ke hana lantarki wucewa), amma hoton sakamako yana nuna lantarki cikin tangaran, wani lokaci ma lissafin ya ƙi kammaluwa. Ina matsalar take?
Ɗalibin injiniyanci, Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, zato mafi ƙarfi shi ne ka saka farantan alumina cikin yankunan da Electric Currents, wato sashen manhajar mai lissafin kwararar lantarki, ke aiki a kansu. Kariyar da manhajar ke sakawa da kanta tana aiki ne kawai a iyakokin waje na yankunan da ka zaɓa. Muddin tangaran yana cikin zaɓin, mahaɗarsa da jan ƙarfe ta zama iyakar ciki, kuma manhajar za ta ɗauka lantarki na iya wucewa ta nan.

Wannan ne kuma ke hana lissafin kammaluwa. Jan ƙarfe yana ɗaukar lantarki kusan simens miliyan 60 a kowace mita, bismut telurayid kusan dubu 100, alumina kuwa wajen 10⁻¹² ko ƙasa da haka. Tazarar da ke tsakanin jan ƙarfe da alumina ta kai kusan lambobi 20, alhali kwamfuta tana riƙe kusan lambobi 16 ne daidai a lissafinta. Abin da ka gani cikin tangaran galibi tarkacen lissafi ne.

Gyaran mai sauƙi ne. Cire faranta biyun daga Electric Currents, ka bar su cikin Heat Transfer in Solids domin zafi ya ci gaba da ratsa su. Idan ka zana ƙarfen alminiyam mai sanyaya gefen sanyi, shi ma cire shi daga Electric Currents, domin idan ya taɓa jan ƙarfe ko da a gefe ɗaya zai haɗe duka ƙafafun. Da ka yi haka, saman jan ƙarfe ya koma iyakar waje, kariyar za ta hau kansa da kanta. Ka tabbata akwai Ground (wurin da bolt yake sifili) a ƙarshe ɗaya na layin, da Terminal (bakin da lantarki ke shiga ko fita) a ɗaya ƙarshen. Sannan ka kusanto da zanen ka duba ko wasu guntayen jan ƙarfe maƙwabta sun taɓa juna, domin Form Union, matakin da ke kammala zanen, yana narkar da duk abin da ya taɓu ya zama jiki ɗaya.

Wani abu da ke rikita mutane da yawa: ganin ƙarfin lantarki yana sauyawa daga wannan wuri zuwa wancan ba hujja ba ce cewa akwai yoyo. Kariyar tana hana kwararar lantarki ne ta iyaka. A cikin ƙafa, bambancin zafi kaɗai yana haifar da bambancin bolt ko da babu kwarara sam, abin da Thomas Seebeck ya gano ke nan a 1821. Don haka bar kallon launuka. Haɗa jimillar kwararar da ke ratsa yankan ƙafa ɗaya, ka gwada ta da ta Terminal. Dole su zo daidai.

TAMBAYA: Na cire tangaran, lissafi ya kammalu, amma bolt ɗin da nake samu kusan sifili ne.
Mai karatu daga Maraɗi.

AMSA: Fara da duba alamar ƙimar Seebeck, wato bolt ɗin da ƙafa ke bayarwa a kowane kelbin na bambancin zafi. Ƙafar p tana da kusan +200 maikrobolt a kowane kelbin, ta n kusan -200. Idan ka ba su alama ɗaya, kowace tana soke 'yar'uwarta, sai ya yi kama da gajeriyar waya. Gwada da lissafin hannu: tagwaye ɗaya (ƙafar p da ta n) yana ba da maikrobolt 400 a kelbin, bambancin zafi na kelbin 100 ya ba da milibolt 40, na'ura mai tagwaye 127 kuma wajen bolt 5 idan ba a haɗa ta da abin da zai ja lantarki ba. Sakamakonka zai ɗan gaza haka, saboda wani ɓangare na bambancin zafin yana faɗuwa a cikin farantan alumina kafin ya isa ƙafafu.