Watsuwar Yahudawa a Duniya: Shiri Suka Yi ko Korarsu Aka Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar tarihi ce a wata sakandaren 'yan mata a Funtuwa. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke, ɗalibaina ke zuwa mini da saƙonnin WhatsApp masu cewa da gangan Yahudawa suka rarrabu cikin ƙasashe, bisa wani shiri da dattawansu suka ƙulla a asirce don su mallaki duniya, kuma wai akwai littafin da ya tona asirin. Makon jiya wata ɗaliba ta ce mahaifinta ya hana a ɗiga wa ƙanenta maganin rigakafi saboda wannan magana. Ni kaina zuciyata na ƙuna kan abin da ake yi wa Falasɗinawa. Ina tsoron in musa a ce na koma bayan Isra'ila, ina kuma tsoron in yi shiru in bar yara da ƙarya. Yaya aka yi suka watsu, kuma me zan gaya musu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin ki shiga aji. Maganar ƙanen ɗalibarki ce ta fi tayar mini da hankali, zan zo kanta.

Tunda ke malamar tarihi ce, ba sai na tsaya kan tushe ba. Kin san Babilawa sun rushe Ƙudus a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka kwashi mutane zuwa Iraƙi ta yau. Kin san Rumawa sun rushe wurin ibadar Yahudawa na biyu a Ƙudus a shekara ta 70, sannan suka murƙushe tawayen da suka yi ƙarƙashin Bar Kokba a 135. Abin da zan ƙara shi ne, lokacin da Sarki Sairus na Farisa ya ba su izinin komawa, da yawa sun zaɓi zama a Babila, kuma zuriyarsu ta zauna a Iraƙi shekara wajen 2,500. Kafin Rumawa su taɓa Ƙudus ma akwai Yahudawa masu yawa a Iskandariya da Antakiya da birnin Rum kansa. Wasu yaƙi ya kai su, wasu bauta, wasu fatauci, wasu aikin soja. Hanyoyi ne daban-daban, a ƙarnuka daban-daban, ba tare da wani ya zauna ya rarraba wa kowa ƙasarsa ba.

Shi ya sa ba su zama iri ɗaya ba. Na Jamus da Poland da Rasha, waɗanda ake kira Ashkenazawa, suna magana da Yidish. Na Andalus, Safardawa, sun riƙe tsohon Sifaniyanci har a Istanbul. Na Bagadaza da San'a da Fas Larabci ne harshen gidansu, sai dai su rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda mu ke rubuta Hausa da ajami. A da akwai Beta Isra'ila a yankin Gondar na Habasha, baƙaƙen fata, manoma da maƙera da masu ginin tukwane. Akwai na Kocin a Indiya, akwai na Kaifeng a Sin. Maƙerin azurfa na San'a da telan Warso ba sa jin maganar juna, kuma yawancinsu har suka mutu ɗaya bai san da zaman ɗaya ba.

Idan kina son ganin rayuwarsu ido da ido, ki nemi labarin ɗakin ajiyar takardu na wani tsohon wurin ibadarsu a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira. Al'adarsu ce ba sa yar da takarda mai ɗauke da sunan Allah, sai su jefa ta cikin wannan ɗaki, shekaru aru-aru. A ƙarshen ƙarni na 19 aka kwashe takardun, guntu-guntu dubu ɗaruruwa, mafi yawa suna Kambirij yanzu. Me aka samu a ciki? Takardun aure da na saki, jerin kayan ɗakin amarya, wasiƙar falke yana kukan jirginsa ya nutse da kaya a hanyar Indiya, mace tana ƙarar miji ya tafi fatauci ya bar ta ba abinci, sunayen matalautan da ake raba wa burodi, roƙon a taimaka wa wanda ya kasa biyan jiziya. Mutanen nan sun bar mana takardunsu na cikin gida ba tare da sun tace ba, domin ba su zaci wani zai karanta ba. Masana sun shafe fiye da shekara 100 suna tonon su. Babu shirin mulkin duniya a ciki.

A ƙasashen Musulmi sun zauna a matsayin 'yan amana. Sau da yawa hakan ya fi abin da suka gani a Turai sauƙi nesa ba kusa ba, amma kada ki gaya wa yara cewa ba a taɓa cutar da su ba. Musa ɗan Maimun, babban malaminsu, a Ƙurɗuba aka haife shi, tsananin Muwahhiduna, masu mulkin Andalus a lokacin, ya kori iyalinsa, sai a Misra ya samu natsuwa har ya zama likita a fadar Salahuddin, ya rasu a 1204. Lokacin da Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela suka kori Yahudawa daga Sifen a 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, daular Usmaniyya ƙarƙashin Sarki Bayazid na Biyu ce ta buɗe musu ƙofa, wasu kuma suka gangara Maroko.

Tarihin nan ma ya taɓo mu. Kusan lokacin ne Shehu Magili ya tayar da rigima kan Yahudawan Tuwat, a Saharar Aljeriya ta yau, har aka rushe wurin ibadarsu na Tamanɗiɗ aka kashe mutane. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da shi ba, yana ganin amanarsu na nan. Bayan wannan ne Magili ya biyo ta Azbin ya iso Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya je Katsina, ya je Gawo wajen Askiya. Muna girmama shi kan abin da ya rubuta wa Rumfa game da mulki, amma ɗalibi ya kamata ya san cewa malaman zamaninsa sun yi saɓani da shi kan wannan mas'ala.

Yanzu ga littafin. Wallahi Malama na gaji da shi. Babu shekarar karatun da za ta wuce wani ɗalibi bai shigo ofishina da shi ba. Na ƙarshe ya zo da fotokwafi an ɗinke da zare, gefen takardun duk sun yi baƙi don sha hannu, ya ja layi da jan biro a kusan kowane shafi. Ya ajiye mini a tebur yana cewa, "Malam, ga shi da bakinsu suka faɗa." Yaro mai hazaƙa, mai karatun dare. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Sunan littafin da Turanci Protocols of the Elders of Zion, wato wai bayanan zaman sirrin dattawan Sahyoniya. A Rasha ya fara fitowa, a 1903, cikin wata jarida ta Pavel Krushevan, mutumin da jaridarsa ta Kishinev ta hura wutar kisan Yahudawan garin a wannan shekarar. A 1905 wani mai suna Sergei Nilus ya sake buga shi cikin littafinsa. Bayan juyin juya halin 1917, 'yan gudun hijirar Rasha suka bazu da shi cikin Turai. A Amurka, Henry Ford mai kamfanin mota ya yaɗa shi ta jaridarsa daga 1920, kafin ya nemi afuwa a 1927.

A watan Agusta na 1921 aka kama ƙaryar dumu-dumu. Wakilin jaridar Times ta Landan a Istanbul, Philip Graves, wani Barashe ya kawo masa wani tsohon littafin Faransanci da shafin farkonsa ya yage. Da aka bincika sai aka ga littafin wani lauya ne, Maurice Joly, wanda ya buga a 1864 don sukar Sarkin Faransa Napoleon na Uku. Ya ƙirƙiri hira tsakanin matattu biyu, ɗaya yana bayyana yadda azzalumin sarki ke saye jaridu da alƙalai ya danne jama'a. Babu maganar Yahudawa a cikinsa ko kaɗan. Graves ya jera shafukan biyu gefe da gefe a jarida: sakin layi bayan sakin layi, misali bayan misali, an kwafe, an cire sunan sarkin Faransa an liƙa wa Yahudawa. A 1935 wata kotu a birnin Ban na Suwizalan ta saurari masana ta kuma bayyana shi a matsayin jabu. Duk da haka 'yan Nazi suka ci gaba da buga shi suna koyar da shi, an kuma fassara shi zuwa Larabci, kuma ta wannan ƙofar ya fi shigo mana, har ya samu rigar da wasu ke zaton ta addini ce.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu ne al'ummar isnadi. Mu ne muke ƙin karɓar hadisi idan mutum ɗaya a cikin masu ruwaya an san shi da ƙarya. Sai ga mai wa'azi ya hau mumbari, ko wani ya kunna kyamarar waya, yana karanto littafin da ba a san marubucinsa ba, ba wurin zama, ba ranar zama, ba sunan dattijo ko ɗaya, wanda aka kama da sata shekara 100 da suka wuce. In ka yi magana ya ce, "To ai abin da ke ciki yana faruwa." Yaya ba zai yi kama da abin da ke faruwa ba? Joly ya kwatanta dabarun azzalumin mai mulki ne, kuma azzalumai ko'ina da irin waɗannan dabaru suke aiki.

Ki ɗora wannan da'awa a kan tarihi ki gani ko za ta tsaya. An kore su daga Ingila a 1290, daga Faransa a 1306. A 1516 birnin Banis na Italiya ya kulle su a unguwa guda ana rufe ƙofa da dare. Tsakanin 1881 da 1924 fiye da miliyan 2 suka tsere daga gabashin Turai zuwa Amurka saboda kisa da talauci. A 1938 ƙasashe 32 suka taru a Ebiyan ta Faransa kan Yahudawan da ke gudun hijira daga Jamus, kusan duka suka ƙi ƙara yawan waɗanda za su karɓa. A 1939 jirgin ruwan St. Louis, da mutum sama da 900, Kuba ta ƙi su, Amurka ta ƙi su, ya koma Turai. Sannan 'yan Nazi suka kashe miliyan 6. Wanda ke riƙe da linzamin duniya ba ya rasa tashar da zai sauke 'ya'yansa. Yau duka-duka ba su wuce miliyan 15 zuwa 16 ba, ba su kai mutanen Kano da Jigawa a haɗe ba.

Batun Falasɗinu ba ya buƙatar wannan jabun. Sahyoniyanci, wato fafutukar kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, harka ce ta siyasa da aka yi a fili: taron Basel na 1897 ƙarƙashin Theodor Herzl, alkawarin Balfo da Birtaniya ta yi musu a 1917, korar Falasɗinawa sama da 700,000 a 1948, mamayar 1967. Duk a rubuce suke, da sunaye da ranaku. A shekarar 1897 ɗin nan aka kafa ƙungiyar Bund ta ma'aikatan Yahudawa, wadda ta yi adawa da Sahyoniyanci, malaman addininsu da yawa ma sun ƙi shi, kuma har yau akwai Yahudawa a sahun gaba na masu zanga-zangar Gaza a Niyok da Landan. Ki soki gwamnatin Isra'ila da hujja iya ƙarfinki. Alƙur'ani da kansa, a Ali Imrana aya ta 113, ya ce Ma'abota Littafi ba ɗaya suke ba, kuma a Ma'ida aya ta 8 ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci.

Sai yaron nan. A 1348 da 1349, da annoba ta cinye Turai, aka ce Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi. A Satrasbug aka ƙone su da yawa a watan Fabrairun 1349, alhali Fafaroma Kilimen na Shida ya riga ya rubuta cewa su ma annobar na kashe su kamar kowa. Jita-jitar da ta shiga gidan ɗalibarki jikanyar waccan ce. Mun ga abin da dakatar da rigakafin shan inna a 2003 ya jawo mana: cutar ta sake bazuwa har zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai 2020 aka tabbatar Najeriya ta fita daga ƙanginta. Yaran da suka shanye a tsakani 'ya'yanmu ne, muna ganinsu a bakin titi a kan keken guragu.

Don haka kada ki fara da aji, ki fara da gidan. Ki samu mahaifiyar ɗalibar, ki kuma nemi wani dattijo ko limamin unguwa da mahaifin ke jin maganarsa, a je da ma'aikacin lafiyar da ya sani, a zauna da shi cikin mutunci ba tare da an kunyata shi ba. A aji kuma, ki rubuta 1864 da 1903 da 1921 a allo, ki ba su labarin littafin mai yagaggen shafi, sannan ki ce kowace ta kawo saƙon da aka turo mata, ku bi shi tare ku ga wa ya faɗa, a ina, yaushe.