Zambo, Habaici da Hausar Masu "Gina Kai"

Wani matashi daga Ƙofar Marusa ya rubuto: Malam, ina rubuta wasan kwaikwayo na ban dariya a kan ƙungiyoyin nan da ke tara mutane a zauren otal, a karɓi kuɗin shiga, a koya musu "gina kai" da "sirrin nasara". Abin da nake yi zambo ne ko habaici? Kuma ta ina dariyar za ta fito?

Ɗana, ya danganta da inda ka auna kibiyarka. Zambo siffanta mutum ne da muni: tumbinsa, tafiyarsa, rowarsa, yadda ko ba a kama suna ba kowa zai waiwaya ya dube shi. Aikin makaɗan fada ne, su wasa ubangidansu su yaga abokin gabarsa. Habaici kuwa jifa ne cikin duhu. Ka saki magana a tsakar taro, mai kaza a aljihu shi ne ba zai jimiri "as" ba. In kana da wani mai lacca guda a ranka, ka sa ɗan wasanka ya ɗauko irin kwat ɗinsa da irin tarinsa, zambo ka yi, sai ka shirya wa sammaci. In kuwa ɗabi'ar ka nufa, habaici ne, kuma ya fi daɗewa a bakin mutane.

Ina roƙon masu rubuto mini su daina tattara komai su zuba a buhun "barkwanci". Barkwanci wasa ne na waɗanda al'ada ta ba lasisi: Bakatsine da Banufe, Bafillace da Babarbare, jika da kaka, taubashi da taubashiya. Wanda aka yi wa ba ya fushi, ramawa yake. Mai lacca ba taubashinka ba ne.

Batun dariya kuwa, je ka ga 'yan kama. Dabararsu ɗaya ce: su ari muryar mai wa'azi ko amon shahararriyar waƙa, ba su canza komai na siga ba, sai su cika cikin da tuwo da ɗumame da fura. Fuska a murtuke, magana ta abinci. Haka za ka yi. Bar wa mai laccarka allonsa da lasifikarsa da rantsuwarsa, sai ya koyar da "matakai bakwai na cin nasara a kan malmala". Kada ya san abin dariya yake yi. Ranar da ya ƙyafta wa 'yan kallo ido, wasan ya mutu. Yaran tashe ma sun san wannan. Daga goma ga watan azumi za ka ga yaro ya manna gemun auduga yana dogara sanda, ba ya ko murmushi, mu ne muke faɗuwa.

Sannan ka ajiye tsoho guda a kujerar baya, mai gatse. Idan aka ce wa taro su ɗaga murya su ce "ni zaki ne", shi ya ce, "To zaki, ranta mini kuɗin mota in koma gida." Abu ɗaya nake ja maka kunne a kai: kada bulalar ta sauka a kan yaron da ya gama karatu shekara huɗu ba aiki, ya ciwo bashi ya sayi tikiti. Ba wauta ta kai shi ba.

Wata malamar firamare daga Ƙofar Ƙaura: An rubuta "Himma ba ta ga rago" a allon wani taro, mai bayani ya ce wai himma ba ta hango rago ba. Haka ne?

A'a, Malama. Wannan "ga" ba ta gani ba ce, ita ce ta "yana ga Allah", wato a wurin. Himma ba ta wurin malalaci. Kalmar himma Larabci ce. Shi kuma ragon nan ba na layya ba ne: na layya ana jan wasalin farko, na lalaci ba a ja. Mu nan Katsina mun huta, raggo muke cewa. Na taɓa jin wani ya ja wasalin a gaban lasifika, ya bar mutane suna tunanin me tunkiya ta yi wa himma.

Wani ɗalibi daga Daura: Me ake nufi da "ci gaban mai haƙa rijiya"?

Mutumin garin Kusugu ne ke tambayata rijiya? Kullum aikinsa gaba yake, shi kuma ƙasa yake yi. Ka ba abokinka na Ƙofar Marusa, ya samu sunan wasa.

Wata baiwar Allah daga Sabuwar Unguwa: An ce mana sai mun "fita daga yankin jin daɗi" kuma mu riƙa "tunani a wajen akwati". Hausa ce wannan?

'Yata, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Haruffan na Hausa ne, kalmomin na Hausa ne, maganar kuwa Turanci ce sanye da babbar riga. Wane akwati? Bahaushiya ta ji akwati, lefe za ta tuna. Kuma a je a sami mai turin kura a Babbar Kasuwa da tsakar rana a ce masa matsalarsa ita ce ya daɗe a yankin jin daɗi, a ga abin da zai biyo baya.

Kada a ce ina ƙin aro. Garin nan da aro ya yi malanta. Tun zamanin da ake karatu a Gobarau, zamanin su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, muke kwasar Larabci, har yau ba wanda yake jin "lokaci" ko "hankali" a matsayin baƙi. Aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, Turanci ya shigo, muka karɓi tebur da fensir da bokiti. Amma kakanninmu taunawa suke kafin su haɗiye. Na yanzu ɗauko jimla suke ɗungurungum, su musanya kowace kalma da 'yar uwarta, su ce sun fassara. Shi ya sa za ki ji "ka zama mafi kyawun kanka", kamar mutum yana da kawuna uku a rataye ya zaɓi na fita unguwa. Ko "saka jari a cikin kanka". Ko "sarrafa lokaci", sai ka ce gyaɗa ce za a matse a yi ƙuli-ƙuli.

Abin haushin, duk muna da su. Mai son ya ce a bar zaman da aka saba, ga "zomo ba ya kamuwa daga zaune". Mai son ya ce a fara motsi, ga "Allah ya ce tashi in taimake ka". Sai dai karin magana ba a sayar da shi naira dubu goma, kowa ya ji shi kyauta a bakin kakarsa. Ina zargin baƙuntar maganar ita ce hajar. Kuma Hausa ba ta barin mutum ya yi tutiya da rabin gaskiya: bakin da ya ce a tashi, shi ya ce "zafin nema ba ya kawo samu". Wannan ban taɓa ganin an rubuta shi a allon taro ba.

Wani ɗan jarida: Wace kalma ta dace da mai irin wannan lacca? Na ga ana rubuta "mai zaburarwa".

Ba laifi. Zabura ta doki ce, a taɓa shi da ƙaimi ya yi tsalle, kamar yadda kake gani a hawan sallah a Ƙofar Soro. "Mai ƙarfafa gwiwa" ta fi ladabi. In wasa kake rubutawa, ce masa mai zuga. Bambancinsa da maroƙi kaɗan ne: maroƙi sai ya gama wasa ka kake sa hannu aljihu, shi wannan a bakin ƙofa ake biyansa.

Wani mai shago a Daura: Mai koya mana tara dukiya ya ari kuɗi wurina wata biyar, shiru. Akwai karin magana?

Akwai, Alhaji: mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Amma ka fara aika masa yaro.

Tambaya ta ƙarshe, ba suna: "Buri" ko "guri"?

Duk ɗaya ne. A jarida rubuta buri, a gida faɗi yadda gyatumarka take faɗi.