Tsiron da ke ɓuya ƙarƙashin majina

Ka tambaye ni yadda za ka gane irin tsiron babban hanji da ido alhali kyamarar duba hanji tana cikin majiyyaci. Mai wuya kamar laimar kwaɗi da mai zaune daram, waɗannan ko ɗan wata biyu a ɗakin nan ya san su, ba zan ɓata bakina ba. Ƙananan masu haske na kusa da dubura, da ba su kai milimita 5 ba, galibi ba su da illa. Adinoma, wato tsiron da kan iya rikiɗa ya zama ciwon daji, ya fi ja, ka kunna NBI, hasken nan na kyamara mai fito da jijiyoyin jini, ya koma ruwan ƙasa, fuskarsa da zane kamar ƙwaƙwalwa.

Wanda nake so ka ji tsoro shi ne shimfiɗaɗɗen nan na ɓangaren dama na hanji.

Shekarun baya wani dillalin shanu ya zo mini daga Agege. Na ce ya shanye ruwan wankin ciki duka, kada ya taɓa abinci mai nauyi. Da safe ya rantse mini ya yi. Ashe rabi ya sha, da dare kuma ya zauna ya ci tuwo da miyar kuka. Da na isa ƙarshen hanji ta dama, ƙazanta ko'ina. Na ga ɗan dabbaren majina rawaya manne a bango, na ɗauka ragowar abinci ce, na wuce. Na ce lallai ya dawo a sake, ya ce kasuwa ba ta jira. Bayan shekara uku aka kawo shi da ciwon daji, a daidai wurin nan. Sai ya bi Agege da Mile 12 yana cewa likitan nan makaho ne. Mutanen da na daɗe ina dubawa suka ɗauke ƙafa, wasu ko gaisuwa a masallaci suka daina. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Majinar nan hular shimfiɗaɗɗen tsiron ce. Wanke ta da ruwa, ka tsaya ka duba. Launinsa kusan ɗaya da bangon hanji, gefensa ba ya fita, samansa kamar gajimare. In kuma ka ga tsiro tsakiyarsa ta lotsa, ko ka yi masa allurar ruwan gishiri ta ƙasa ya ƙi tasowa, to ya yi saiwa cikin bangon hanji. Kada ka sa masa zargen yanke tsiro. Ɗauki hoto ka kira ni.

Ku yaran yanzu kuna zare kyamara kamar masu tseren kama danfo a Oshodi. Fitowa ba ta gaza minti 6. Gobe zan tsaya a bayanka da agogo.