Riƙon yaro a Ingila: amsa ga Yayata

Yaya, kin tambaye ni in yaron da nake riƙo ya yi mini ɓarna, ko ya ƙulla mini sharri, wa zai tsaya mini. Tun ranar nake juya maganar.

Riƙon nan ba irin namu ba ne, da goggo za ta ce a ba ta yarinya, a haɗa mata kaya su tafi. Nan ƙaramar hukuma ce ke kawo yaro, bayan an shafe watanni ana bincikenki. Yawancinsu kuma sun sha wuya tun suna ƙanana. Nawa ɗan shekara 9 ne. A makonsa na farko ya jefi bango da faranti, ya shige ƙarƙashin gado, ina jin numfashinsa yana rawa.

Dukan yaro dai babu. Dokokin riƙo na 2011 sun hana, ko da ranƙwashi ne. Riƙe shi da ƙarfi ma sai in zai ji wa kansa ko wani ciwo, ko zai yi babbar ɓarna, kuma dole a sanar.

Kariyata tana cikin littafi. Kowane dare bayan isha'i nakan rubuta abin da ya faru: ƙarfe nawa, me ya ce, me na ce, wa ke wurin. Ko ƙwarzanewa ya dawo da ita daga makaranta sai ta shiga. Ranar da zargi ya taso, littafin ne shaidata.

Zargi kuwa yana tasowa, sau da yawa daga yaron da tsoro ya cika wa ciki, ba mugunta ba. Akwai jami'in da ake ce wa LADO mai sa ido kan binciken, kuma ana iya ɗauke yaron kafin a gama. Haƙƙina ne a ba ni mai taimako wanda ba ma'aikacin hukumar ba. In za su soke izinina, ina da kwana 28 na kai kuka gaban kwamiti mai zaman kansa, amma shawara kawai yake bayarwa, hukunci na hannun hukumar. Shi ya sa na shiga ƙungiyar The Fostering Network, saboda inshorar lauya. Abin da ke ci mini rai shi ne doka ba ta ɗauke mu ma'aikata ba, alhali mu ke kwana ido biyu.

Batun 'yar ƙawarki da ake so ta zauna wurina, ki faɗa mata in yarinya ba ta kai 16 ba, za ta kai kwana 28 a gidan wanda ba danginta na kusa ba, wajibi ne a sanar da hukuma. Sun ƙara tsaurarawa ne bayan Victoria Climbié, 'yar Kwadibuwa da aka kashe a Landan a 2000 a hannun 'yar uwar da aka ba riƙonta. Ba zan karɓe ta a ɓoye ba, Yaya, ki ba ta haƙuri.