Ka fi su ƙarfi, amma su ke kayar da kai

Ɗan'uwa, ka ce kana kokawa a Sakkwato, ka fi abokan karawarka ƙarfi, amma kullum su ke kai ka ƙasa. A ganina matsalar tana ƙafarka. Lanƙwasa gwiwa, ka sauke ƙugu, ka ware ƙafafu, kada ka haɗe su idan kana matsawa. Mai tsayuwa a miƙe, taɗiya ɗaya ta ishe shi.

Kada ka yi haɗamar koyon kamu goma. Ɗauki biyu, misali kamun ƙafa da taɗiya, ka yi ta maimaitawa cikin yashi, da asuba ko bayan la'asar, don zafin garin nan. Ka riƙa neman wanda ya fi ka, in ya kayar da kai ka tambaye shi inda ya ga ƙofa. Ka kalli bidiyon gasar Takobi, wato gasar kokawa ta ƙasa a Nijar, idonka a ƙafafunsu.

Faɗuwa kuwa, tsohon ɗan kokawa ne zai koya maka ita, domin tokare ƙasa da hannu na karya tsintsiyar hannu. In ka bugu a wuya har hannu ya yi sanyi ko ya mutu, ka daina atisaye, ka nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH).