Tambaya da Amsa: Idan an fassara, me ya rage kuma?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce mai karatun likitancin haƙori. Na ga an fassara takardar tambayoyin ECOHIS, mai auna yadda matsalar haƙori ke shafar rayuwar ƙananan yara da iyalansu, zuwa Turkanci, amma masu binciken suka ce sai sun tabbatar da ingancinta kafin a yi aiki da ita. Ashe ba an riga an gwada ta da Turanci ba? Mene ne na sake wahala?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Wannan wahalar ita ce ainihin aikin.

ECOHIS ta fito a Amurka a 2007, daga hannun Pahel da Rozier da Slade. Tambayoyi 13 ne da iyaye ke amsawa, 9 kan yaron, 4 kan iyalinsa. A na yaron ana tambayar ko yana jin ciwo, ko yana kasa shan abu mai zafi ko sanyi, ko barci ya gagare shi, ko yana ɓoye murmushinsa. A 2011 Kadriye Peker da abokan aikinta a Istanbul suka wallafa gwajin ta Turkanci a kan yara 'yan shekara 5 zuwa 6.

Ki ɗauki kalmar ciwo kaɗai. Baturke yana da "ağrı" don ciwo, yana kuma da "sızlama" don tsamin nan da haƙori ke yi idan ruwan sanyi ya taɓa shi. Uwa tana zaune a ɗakin jira, ɗanta ya kwana yana dafe da kunci, mai fassara kuma ya zaɓi kalmar da ba ta dace da abin da ta gani ba. Sai ta zagaye "bai taɓa ba" a cikin amsoshin takardar. Ba ƙarya ta yi ba, amma a lissafi yaron nan ya koma lafiyayye. Abin da ke ci mini rai ke nan, domin da irin lissafin ake tsara inda za a kai likitoci da kayan aiki.

Shi ya sa mutum biyu ko fiye ke fassarawa kowa daban, wasu da ba su ga asalin ba su mayar da ita Turanci, kwamiti ya zauna ya tace, sannan a gwada da iyaye kaɗan a ji yadda suka fahimta.

Daga nan sai lissafi. Ana duba ko tambayoyin sun tafi baki ɗaya da ma'aunin alfa na Cronbach, ana son 0.70 zuwa sama. Ana sake ba iyayen takardar bayan mako biyu ko uku a ga ko amsa ta tsaya. Wanda na fi ba muhimmanci shi ne na ƙarshe: likita ya buɗe bakin yaron, ya ƙirga haƙoran da suka ruɓe, da waɗanda aka cire, da waɗanda aka cike. Idan masu ruɓaɓɓen haƙori ba su fi masu lafiya yawan makin da ke nuna wahala ba, takardar ba ta auna komai ba, komai daɗin Turkancinta.

Idan kin koma kan binciken, ki tsaya a tambayar da ke cewa ko iyaye sun ji kamar laifinsu ne. Ba kowace uwa ce za ta amsa wannan a gaban baƙo mai farar riga ba, don haka ki duba ko da hannunta ta cike takardar ko karanta mata aka yi.